An sa wa Marsandi 230E ƙwayayen LED a bayan mita, caji ya rikice: ta ina za a fara gyara?

Mai 230E:

Assalamu alaikum, masana. Marsandi ce 230E ƙirar W123, ta 1983, mai giyar hannu. Hasken mita ya dushe sosai, da dare sai mutum ya sunkuya kafin ya karanta gudu. An sayo saitin ƙwayayen LED farare masu lamba 6000K, an zare duk tsofaffin ƙwayayen bayan mita, manya da ƙanana, an zuba sababbi. Tun daga nan abubuwa uku suka ɓullo. Na farko, in an tayar da mota jar fitilar batir ba ta mutuwa sai an ba ta wuta sosai, kuma ko ta mutu takan bar ɗan ja-ja. Na biyu, maɓallin rage haske ya daina aiki, duk inda aka murɗa shi haske ɗaya ne. Na uku, hasken ya koma shuɗi-shuɗi, saman mita ya yi fayau, ƙasa kuma duhu, alluran da suke ruwan lemo sun koma kamar ƙasa-ƙasa. Kafin aikin caji lafiya lau yake. Altaneta ce ta lalace, ko ƙwayayen ne? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Rewaya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada a taɓa altaneta tukuna. Abu na farko da za ka yi yau: nemo tsohon ƙwan gilashi mai zare da aka cire daga ramin fitilar batir, ka mayar da shi inda yake. Wannan ƙwai ba na ado ba ne, yana cikin hanyar caji.

Ga yadda abin yake. Altanetar Bosch ta motocin wancan zamani ba ta iya fara ba da wuta da kanta daga silo, sai an ɗan ɗanɗana mata wuta a naɗin wayar da ke juyawa a cikinta, ya zama maganaɗisu. Wutar nan tana tasowa daga makulli, wato layin da ake kira 15, ta ratsa ta cikin zaren ƙwan fitilar batir, ta gangara zuwa ƙafar altaneta mai alamar D+, wadda a zanen waya za ka ga an rubuta 61. In ka buɗe makulli inji bai tashi ba, gefe ɗaya na ƙwan yana da volt 12, ɗaya gefen kuma yana zubewa bodi ta cikin altaneta, shi ya sa yake kamawa. Da inji ya tashi altaneta ta fara aiki, D+ ma ya haura zuwa wajen volt 14, gefe biyu sun yi daidai, ƙwai ya mutu.

To lissafa ka gani. Ƙwai mai zare na 1.2W yana wuce da kusan amfiya 0.1, na 2W kusan 0.17. Ƙaramin LED kuwa abin da yake ja bai wuce amfiya 0.01 zuwa 0.02 ba. Wannan bai isa ya tayar da maganaɗisu ba. Sai altaneta ta zauna shiru, har sai ka taka totur ta yi gudun da ɗan ragowar maganaɗisun ƙarfenta zai tashe ta. Abin da kake gani ke nan. Haɗarinsa kuwa, wanda ya tayar da mota ya bar ta a silo, ko ya shiga cunkoso yana tafiyar hawainiya da fitilu a kunne, batir yake ci bai sani ba.

Ɗan ja-jan da yake saura kuma, jan LED yana fara haske da bambancin kusan volt 2 kacal da wuta 'yar mitsitsiya, alhali zare ba zai ko yi ɗumi da wannan ba. Motar da ta haura shekara arba'in, tsakanin makulli da fis da mahaɗan waya masu tsatsa, ba wuya a samu asarar wuta irin wannan in an kunna fitilu da fanka. Akwai kuma wata illar: LED mai fuska ɗaya wuta ta gefe guda kawai take bi ta cikinsa. In matsala ta zo ta inda D+ ya fi layin makulli ƙarfi, ƙwai mai zare zai nuna maka, shi kuwa ba zai ce uffan ba.

Wanda ya dage sai LED a ramin nan, to ya haɗa rezista mai om 68 ko 82, mai ɗaukar 5W, a kan ƙafafu biyu na ƙwan, kafaɗa da kafaɗa da shi, ba a jere ba. Ita za ta wuce da wutar da zare yake wucewa da ita. Tana zafi in an bar makulli a buɗe inji a kashe, kusan 2W take ƙonawa, don haka a nisanta ta da roba, a ɗaure ta kada ta yi lilo. Ni dai a ganina wahala ce ba riba. Fitilar da take kamawa na daƙiƙa biyu a rana ba ta cin batir, ba ta narka komai.

Bayan ka mayar da ƙwan, auna da mitar gwajin wuta a kan batir: inji a kashe volt 12.4 zuwa 12.7, inji a silo 13.8 zuwa 14.4 ba tare da an taka totur ba. In har yanzu bai kai ba, sannan a duba belt, a kuma kwance regileta, wato mai daidaita wutar caji, a bayan altaneta, sukurori biyu ne. In gawayinta ya cinye ya koma wajen milimita 5, a canza.

Gwanin Marsandi:

Oga Rewaya ya gama magana a kan caji. Bari in ɗauki ta ukun, domin a nan ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi.

Mitar W123 ba ta baya ake haska ta ba kamar motocin yanzu. Lambobin fenti ne a kan baƙin faranti, haske ba ya ratsa su. Manyan ƙwayaye biyu ne a sama ta baya, masu gindin tsinke da ake kira T10, asalinsu 3W kowanne. Gaban kowane ƙwai akwai wata sandar roba garai-garai kamar gilashi, ita ce take ɗauko haske daga baya ta kawo shi gaba, ta watsa shi a kan fuskar mita daga sama. Farin fentin da ke cikin gidan mita yana taimakawa wajen mayar da hasken ƙasa. Saboda haka in sandar nan ta lalace, ko wane irin ƙwai ka sa ba za ka ga daidai ba.

Kuma yawanci ta lalace. Dalili shi ne ƙwan 5W na fitilar fakin gindinsu ɗaya da na 3W, yana shiga ramin daram. Duk wanda ya ga haske ya ragu sai ya cusa 5W, zafinsa ya gasa bakin sandar, ta yi ruwan ƙasa, ta kumbura, wani lokaci ta narke ta rufe hanyar. Haske ya ƙara raguwa. In ka leƙa ramin da tocila ka ga bakin robar ya yi kamar ƙonannen sukari, ka samo ciwon.

Yadda za a fito da mitar. Fara cire kan batir na negetif, domin wayar agogo kullum da wuta take, ko makulli na aljihu, in ta taɓa ƙarfe fis ya tafi. Cire murfin ƙarƙashin sitiyari, ka zura hannu ta baya ka kwance kebul ɗin gudu, da yatsu ake murɗe shi. Babu sukuru ko ɗaya da ya riƙe gidan mita, robar da ta zagaye shi ce kawai ta matse shi, tura shi daga baya a hankali, gefe-gefe. Kada a sa sukundireba ta gaba a ɓanɓare, fatar dashbod ta tsufa, tsagewa za ta yi. Sai babban abin lura: gejin baƙin mai na motar nan ba na lantarki ba ne, siririn bututu ne yake kawo man inji har bayan mita. Sifana mai lamba 10 ke kwance shi, ka riƙe gindin gejin da wani sifanan kada ya murɗe, ka sa tsumma a ƙasa. Muddin bututun nan yana kwance, kada kowa ya tayar da inji, in ba haka ba baƙin mai zai yi feshi a cikin mota. Zagayayyen soket mai ƙafafu da yawa kuma a ja shi a miƙe, ba a jijjiga shi.

In mita ta sauka kan tebur, a raba farantan geji daga gidan, a wanke sandunan da ruwan sabulu mai ɗumi da tsumma mai laushi. Ban da fetur, ban da tina, suna sa robar ta yi hazo har abada. In bakin ya ƙone sama-sama, ana goge shi da sanfefa mai laushi da ruwa, daga lamba 800 zuwa 2000, sannan a bi da man goge roba. In ya narke, nemo wani gidan mita na gwanjo ya fi sauƙi. Farin cikin gidan da ya koma rawaya a sake shafa masa farin fenti marar ƙyalli. Kada a taɓa fuskar faranti da yatsa, tabon maiƙo ba ya fita. Sau da yawa wannan wankin kaɗai, da sababbin ƙwayaye 3W, yakan dawo da haske yadda mutum ba zai ma nemi LED ba.

In za a sa LED ɗin, ga abin dubawa. Launi: 6000K shi ya jawo shuɗin nan, kuma shi ya kashe alluran, domin farin LED mai sanyi jan da ke cikinsa kaɗan ne, fenti ruwan lemo kuwa da ja yake haske. Nemi 2700K zuwa 3000K, shi ne ya yi kusa da hasken zare. Tsawo: ƙwan T10 na asali bai kai milimita 27 ba, LED da ya fi haka zai tokare sandar ko ya wuce inda take karɓar haske. Siffa: wanda yake da ƙwayoyi a kai da kuma gefe, ko mai farar hula da ke baza haske, ya fi mai harba haske gaba kawai kamar tocila, wanda shi ke kawo fayau a sama duhu a ƙasa. Masu rubutun Canbus kuma a bar su a shago. An cusa musu rezista ne don su yaudari kwamfutar motocin zamani, W123 ba ta da wannan kwamfutar, abin da za ka samu kawai zafi ne, wanda shi ake gudu tun farko.

Ƙananan fitilun gargaɗi T5 ne, mafi yawansu 1.2W. In za a canza, launin LED ya bi launin tagar: kore a bayan kibiyoyin sigina, ja a bayan ja. Fari a bayan jar taga yakan fito ruwan hoda. Shuɗiyar fitilar dogon haske kuwa shawarata a bar mata mai zare, domin LED a nan yana soka ido a kan babbar hanya da dare, daidai lokacin da kake buƙatar ganin gabanka.

Gwada komai kafin ka tura mita ciki: haɗa soket, mayar da bututun mai, mayar da batir, kunna fakin. Wanda bai kama ba zare shi ka juya shi ka mayar, yawancinsu fuska ɗaya gare su. Ƙafafun wayar gindinsu sukan zo a kwance, ɗan buɗa su da farce su kama soket da kyau, in ba haka ba duk ramin da ka faɗa sai sun yi ƙifta-ƙifta.

Mai 230E:

Madalla, Allah ya ƙara basira. An mayar da ƙwai mai zare, fitilar batir tana mutuwa da zarar inji ya tashi, mitar gwajin wuta ta nuna volt 14.1 a silo. Saura maɓallin rage haske. Wani ya ce a haɗe ƙafafunsa biyu da dalma a huta. Haka ne, ko akwai hanyar da zai ci gaba da aiki?

Injiniyan Lantarki:

Ranka ya daɗe, haɗewar tana aiki, amma magani ce ta wata cutar daban. Ana yin ta ne in maɓallin ya mutu fitilun mita suka ɗauke gaba ɗaya. Naka bai mutu ba, kaya ne suka yi masa kaɗan.

Abin da ke bayan maɓallin farar tangaran ce da siririyar waya a naɗe kamar sifirin, da ɗan harshen ƙarfe mai goga a kanta. Rezista ce mai canzawa, a jere da fitilun mita da na dashbod, a layin da Marsandi ke kira 58d. Wutar da take ragewa ta dogara ga yawan abin da ake ja ta cikinta. Mu ɗauka naɗin ya kai om 10. Da ƙwayaye masu zare, biyu na 3W da ƙananan na wajen hita da mazubin toka, ana jan kusan amfiya ɗaya, sai ta cinye volt masu yawa, haske ya yi ƙasa sosai. Da LED ko'ina kuwa, ana jan wajen amfiya 0.1, sau om 10, volt ɗaya ke nan. Ido ba zai ga bambanci ba.

Hanya mafi sauƙi, kuma ita na fi so: LED a manyan ramuka biyu na mita kawai, inda zafi ke ɓarna, sauran na wajen hita da mazubin toka a bar musu masu zare. Huɗu na 1.2W sun kai kusan amfiya 0.4, wanda ya isa maɓallin ya sauke wajen volt 3, LED ɗin ma su bi su ragu. Sharaɗi shi ne su zama irin masu rezista kawai a ciki. Akwai masu ɗan da'irar daidaita wuta, waɗanda ake rubuta musu 9 zuwa 30V ko makamancin haka, su ba sa raguwa, haske ɗaya suke bayarwa har wuta ta yi musu kaɗan su fara rawa ko su ɗauke. Gwada a tebur: ba shi 12V, sannan ka ba shi batirin 9V. In ya dushe a fili, zai bi maɓalli.

Hanya ta biyu ita ce na'urar PWM, wadda take kunnawa da kashewa da sauri har ido ya ga kamar haske ne ya ragu. A nan ne ake haɗe tsohon maɓallin, a sa na'urar a kan layin. Sai dai akwai tarko. Yawancin masu arha da ake sayarwa don zaren LED na ɗaki, wato doguwar igiyar ƙwayaye mai mannewa, ta gefen negetif suke yankewa, su kuwa fitilun mota kowanne negetif ɗinsa a bodi yake. In ka haɗa irin wannan, ko dai haske ya tsaya a cike ba ya motsi, ko na'urar ta ƙone. Wadda ke yankewa ta gefen wayar wuta ake nema, a tambaya kafin a biya. Kuma ta haura bugu 200 a daƙiƙa, ƙasa da haka za ka riƙa ganin alluran suna rarrabuwa in ka juya ido. Wasu kuma suna sa ƙara a rediyo.

In ka fito da mitar, kwance maɓallin ka duba. In naɗin ya yi kore, goge shi da ɗan buroshi da ruwan wanke mahaɗan lantarki, ka ɗan lanƙwasa harshen ya danna sosai. Duba kuma siraran layukan tagulla na allon bayan mita. Akwai wanda yakan ƙone in mai sa rediyo ya ɗauki wayar hasken dashbod a matsayin ta bodi. Kuskuren yana da sauƙin faruwa, domin in fitilu suna kashe, mitar gwajin wuta takan nuna wayar kamar tana haɗe da bodi ta cikin zaren ƙwayaye. Ranar da aka kunna fakin sai layin ya tsinke. Ana ɗinke shi da guntuwar waya da dalma. A motocin Jamus wayar bodi ruwan ƙasa ce, kuma akwai tarin su a ɗaure wuri guda a bayan mitar nan, kwance su ka kankare tsatsa ka ɗaure tam. Allurar zafi ko ta mai da take tsalle in an kunna fitila, yawanci daga nan ne.

Tsohon Rewaya:

Injiniya, na yarda da hanyarka ta farko. PWM kam ban cika son ta a motar da ake so ta zauna yadda kamfani ya yi ta ba, ƙarin waya ne da wani zai zo ya rasa kansa gobe. Wanda ya sa, ya rubuta a takarda ya ajiye a aljihun mota.

Ƙari biyu. Wasu in sandunan sun narke sukan manna zaren LED a cikin saman gidan mita. Yana haske, amma zaren nan don 12V cif aka yi shi: ƙwayoyi uku a jere suna cin kusan volt 9, rezista mai om 150 ta riƙe sauran ukun, amfiya 0.02 ke nan. Mota na tafiya wuta ta kai 14.4, abin da ya rage wa rezistar ya zama 5.4, wutar ta haura zuwa 0.036, kusan ninki biyu. Shi ya sa suke shuɗewa su mutu ɗaya bayan ɗaya. A ƙara musu rezista a jere, ko dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, mai lamba 1N4007 guda uku, kowanne yana rage kusan volt 0.7. Gam ɗin bayansu kuma ba ya jure zafin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, sakewa yake zaren ya faɗo kan allura. A kama shi da ɗigon gam mai haɗi biyu a wurare uku ko huɗu.

Na biyu, ga masu karantawa da wasu motocin. In motarka fitilar sigina ɗaya ce tak a mita, a wasu tsofaffin motoci da babura an haɗa ta ne tsakanin layin hagu da na dama, LED mai fuska ɗaya zai kama a gefe guda kawai. Gyaransa dayod biyu, ɗaya daga kowane layi, su haɗu a ƙafar wuta ta LED, ɗaya ƙafar a kai ta bodi. Tsofaffin motocin Japan da yawa kuma fitilar ƙarewar mai tana aiki ne da wata 'yar rezista a cikin tanki da wutar ƙwan ke ɗumamawa in mai ya sauka ya bar ta a fili, LED a nan yakan zauna a kunne ko da tanki a cike. Masu W123 na dizal, 200D da 240D da 300D, su ma su bar wa fitilar hita, wato mai nuna ana ɗumama inji kafin a tayar, ƙwanta na asali.

Malam mai 230E, kafin ka rufe bonet leƙa akwatin fis. Irin masu siffar harsashi ne, fari 8A, ja 16A, shuɗi 25A. Masu farin ƙarfe sukan ci a baki inda suke taɓa maƙalinsu, su riƙa rage wuta ba tare da sun tsinke ba. Canza su da masu tagulla, ka goge maƙalan, ka ɗan matse su. Sannan ka tayar da inji ka sa hannu a bayan mita ka tabbatar bututun mai ba ya tsatsafo kafin ka mayar da murfin ƙasa.